Kafin a kafa farfela, a ƙidaya jemagu

A wannan mako za mu ɗaga kai sama, mu dubi wata halitta da ba ta da farin jini a wurin kowa, wato jemage, da kuma wani inji da duniya ke rububinsa, wato injin da ke juya iska ta zama wutar lantarki. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, a ƙasashen da suka riga mu kafa irin waɗannan injuna, farfelarsu tana kashe jemagu dubu ɗaruruwa kowace shekara, kuma mafi yawan masu mutuwar matafiya ne da ke ƙetare iyakokin ƙasashe. Tun da ƙasarmu ta fara maganar shiga wannan sahu, ya dace mu san abin da ya sami waɗanda ke gabanmu, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Babu ɗan Nijar mai hankali da zai yi gardama a kan bukatar wuta. Kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a gidansa, kuma a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta katse layin da ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa, mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara da tela da magatakardan ofis duk sun ji a jikinsu. Wanda ke da iska kyauta a bisa tuddansa ba shi da dalilin dogara ga maƙwabci har abada. Tun kafin wannan ma, a watan Maris na 2022, gwamnati ta sa hannu tare da wani kamfanin Ingila mai suna Savannah Energy a kan yarjejeniyar kafa tashar iska a yankin Tarka, cikin jihar Tawa, wadda aka ce za ta iya kai injuna 60 da ƙarfin megawat 250. Ko wannan shiri ne ya tabbata, ko wani ne ya biyo bayansa, ranar da za mu ga farfela a bisa duwatsun Adar tana nan tafe.

Fataken Maraɗi masu bin hanyar Katsina zuwa Kano sun san injuna 37 da ke tsaye a Lambar Rimi. Waɗannan ƙanana ne, gaba ɗayansu megawat 10. Na zamani sun fi su nesa ba kusa ba. A Taiba Njai ta ƙasar Senegal, inda aka buɗe tasha mai injuna 46 a 2020, tsawon kowane ginshiƙi mita 117 ne, faɗin da'irar da farfela ke sharewa kuma mita 126. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa wannan da'ira ta kusa hekta ɗaya da kwata, wato gona ce sukutum aka tsayar a sararin sama ana share ta dare da rana. Daga nesa sai ka ga kamar farfelar tana juyawa cikin nawa, alhali bakin fiffikenta yana iya wuce gudun kilomita 250 a cikin sa'a ɗaya. Duk abin da ya gifta ta nan, da wuya ya kai labari.

Abin da aka tsinta a gindin injuna

Da farko tsuntsaye aka fi yi wa fargaba. A shekarar 2003 aka sa masu bincike su riƙa zagaya gindin injuna 44 na wata tasha da ke bisa dutse a jihar Birjiniya ta Yamma, a Amurka, suna tattara abin da farfela ta kaɗo. Tsuntsayen da suka tsinta ba su kai 100 ba, amma gawarwakin jemagu sun kai 475. Da aka yi lissafin waɗanda ido bai gani ba da waɗanda namun daji suka riga suka ɗauke, sai aka ƙiyasta cewa wannan tasha ita kaɗai ta kashe fiye da 2,000 a shekarar. Wani ƙiyasi da aka buga a 2013 ya ce injunan iska na Amurka sun kashe jemagu sama da 600,000 a cikin 2012. Kimanin kashi uku cikin huɗu na mamatan daga iri uku suke, dukansu masu kwana a itatuwa, dukansu masu ƙaura: jemage mai furfura, da jan jemage, da mai gashin azurfa. Mafi yawan mutuwar kuwa tana aukuwa ne cikin ƴan makonni, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da suke shirin gangarawa kudu gudun sanyi.

Mai karatu na iya cewa jemagu ai suna da yawa. To, a nan ne ake ruɗuwa, saboda ana ɗaukar jemage tamkar ɓera mai fiffike. Ɓera tana haihuwa sau da yawa a shekara, ƴaƴa rututu, ta mutu da wuri. Jemage kuwa galibi ɗa ɗaya take haifa a shekara, wasu irin biyu, kuma tana da tsawon rai: an taɓa kama wani ƙaramin jemage a Sibiriya shekara 41 bayan an sa masa zobe. Dabbar da ke haihuwa a hankali kamar raƙumi ba ta jure asarar manya kowace shekara. Shi ya sa a 2017 masaniya Winifred Frick da abokan aikinta suka lissafa cewa jemage mai furfura zai iya raguwa da kashi 90 cikin 100 a cikin shekara 50 idan ba a ɗauki mataki ba. A 2023 kwamitin da ke tantance halin namun daji a Kanada ya sa waɗannan iri uku cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa.

A Turai ma labarin bai sake ba. Ƙasar Jamus tana da injunan iska kusan 30,000 a doron ƙasa, kuma a 2015 masani Christian Voigt na Berlin da abokansa suka ƙiyasta cewa inda ba a ɗauki mataki ba, kowane inji yana kashe jemagu goma ko fiye a shekara, jimillar kuma tana iya wuce 250,000. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kimanin kashi 70 cikin 100 na mamatan masu ƙaura ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka taso daga ƙasashen gaɓar tekun Baltik da Belarus da Rasha. Ke nan wuta ta Jamus ce, asara kuma har da ta manomin wata ƙasa da jemagun ke cinye masa ƙwari.

Me ke kai jemage bakin farfela, shi da ke iya kauce wa siririyar waya cikin duhu? A 2014 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Paul Cryan, sun kafa na'urorin ɗaukar hoto masu ganin ɗumin jiki, suka ga cewa jemagun da kansu suke kusantar injin, musamman ta gefen da iska ba ta bugawa, kamar yadda suke yi wa dogon itace idan suna neman mafaka ko ƙwari ko abokin barbara. An fi ganin haka a daren da iska ke da sauƙi. A 2008 wasu masana na jami'ar Kalgari a Kanada sun nuna cewa yawancin gawarwakin suna da zubar jini a ciki, suka danganta shi da faɗuwar matsin iska a kusa da fiffiken farfela, wanda ke fasa huhu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa bugun farfela kai tsaye shi ne babban sanadi. Ko ta wace hanya, sakamakon ɗaya ne.

Yadda ake ƙidaya matafiyin dare

Ɗan kasuwar da bai san adadin buhunan da ke cikin sitonsa ba, ba zai san ranar da aka fara yi masa sata ba. Wannan ita ce matsalar da ta sami Amurka: an kafa injuna dubbai kafin a san yawan jemagun da hanyoyinsu, sai aka koma ana ƙidaya gawa ba tare da sanin jarin da ake zaftarewa ba. Tun daga lokacin aka duƙufa neman dabarun bin sawun halittar da ba ta barin sawu.

Mafi tsufa cikin dabarun shi ne zobe. A garin Pape da ke gaɓar teku a ƙasar Latbiya, masana suna kafa wani ƙaton tarko na raga a ƙarshen lokacin zafi, su kama jemagu masu wucewa, su maƙala musu ɗan zobe mai lamba a hannu, su sake su. Wani ɗan jemage na irin da ake kira da sunan Nathusius, wanda nauyinsa bai fi na ƙwandalar dala ashirin da wani abin kirki ba, an sa masa zobe a can a watan Agusta na 2015, aka tsinci gawarsa a arewacin Sifen a watan Maris na 2017. Tsakanin wuraren biyu kilomita 2,224 ne. Aibin zobe shi ne yana faɗa maka inda aka tashi da inda aka ƙare, ba ya faɗin hanyar da aka bi, kuma cikin dubban da ake sa wa, ƙalilan ne ake sake gani.

Dabara ta biyu ita ce gashi. Ruwan sama na kowane yanki yana da tasa alama ta sinadari, wadda ke shiga tsirrai da ƙwari, daga nan ta shiga gashin jemagen da ya ci su. Idan aka auna ɗan gashin gawa a ɗakin bincike, ana iya faɗin yankin da gashin ya tsira, kamar yadda dillalin kasuwar dabbobi ke duban shaidar da ke jikin raƙumi ya faɗi mutanen da suka kiwata shi. Da wannan ne aka gano asalin baƙin da ke mutuwa a Jamus.

Ta uku ita ce saurare. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari da kunne suke gani: suna fitar da wata siririyar ƙara wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane bango da reshe da sauro. Kowane iri da kalar muryarsa. Akwai na'ura ƴar ƙarama da ake ɗaurawa a bisa dogon ƙarfe ko a kan injin kansa, ta kwana tana naɗar waɗannan muryoyi, da safe kwamfuta ta ware su, a san iri nawa suka wuce, da ƙarfe nawa, da irin iskar da ake yi a lokacin.

Ta huɗu ita ce ƴar rediyo da ake manna wa jemage a baya, wadda wata ba ta kai giram ɗaya ba. A Kanada an kafa wani tsari mai suna Motus tun 2014, wanda ya bazu zuwa ƙasashe sama da 30 da tashoshin saurare fiye da 1,500, duk jemage ko tsuntsun da ya wuce kusa da tasha ɗauke da rediyonsa sai a rubuta lambarsa da sa'ar wucewarsa, tamkar shingen kwastan. A farkon 2025 masanan cibiyar Max Planck ta Jamus suka buga sakamakon bin sawun jemagu 71 na Turai. Sun ga wani yana cin kusan kilomita 400 a dare ɗaya, kuma sun ga cewa da yawa suna tashi ne a daren da iska mai ɗumi ke gaban hadari, su hau ta ta tura su. Wannan babban labari ne ga mai tashar iska, domin yana nufin cewa ana iya hango daren haɗari daga hasashen yanayi.

Ta biyar ita ce neman gawa bayan an kafa injuna, kuma ita ce ta fi saurin yaudara. A wani gwaji da aka buga a Ingila a 2013, mutane sun gano kashi 20 cikin 100 na gawarwakin da aka ajiye musu, karnukan da aka horar kuwa suka gano kashi 73. Saboda haka mai binciken gaskiya yakan ajiye gawarwakin gwaji a ɓoye, ya ga nawa ma'aikatansa za su tsinta, nawa kuma za su ɓace kafin gari ya waye, sa'an nan ya gyara lissafinsa. A ƙasa irin tamu, inda dila da kyanwar daji da karnukan ƙauye da tururuwa ba sa barin nama ya kwana, rahoton da ya ce ba a tsinci komai ba, ba hujja ba ce cewa ba a kashe komai ba.

Magani mai araha

Abin farin ciki shi ne an samo magani, kuma ba ya bukatar a rushe ko inji ɗaya. Kowane inji yana da ma'aunin iskar da yake fara aiki da ita, galibi mita 3 zuwa 4 a sakan ɗaya. Ƙananan jemagu kuwa sun fi yawo a daren da iska ke da sauƙi, idan ta yi ƙarfi sai su rage. A 2008 da 2009, a tashar Casselman ta jihar Fensilbeniya, aka gwada hana farfela juyawa da dare a lokacin ƙaura har sai iska ta kai mita 5 ko 6 da rabi. Mutuwar jemagu ta ragu da kashi 44 zuwa 93 cikin 100, wutar da aka yi asara kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na abin da tashar ke samarwa a shekara ba.

Dalilin arahar a fili yake ga mai lissafi. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin yakan ninka takwas. Iskar mita 5 tana ɗauke da kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin iskar mita 10. Mai tashar da ya tsayar da farfela a irin wannan dare kamar mai kanti ne da ya rufe ƙofa a sa'ar da dama babu masu saye. Sai dai akwai darasin da Jamus ta koya da tsada. A can an daɗe ana sa wannan sharaɗi cikin takardar izinin sababbin injuna, amma mafi yawan tsofaffin, waɗanda aka ba izini kafin a fara sa shi, sun ci gaba da juyawa yadda suka saba. Abin da ba a rubuta ba ranar sa hannu, da wuya a cusa shi bayan kuɗi sun fara shiga. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Namu matafiyan

Afirka ma tana da nata jemagu masu ƙaura, kuma babbansu shi ne wanda muka sani yana rataye a manyan itatuwan birane, mai launin busasshiyar ciyawa, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Nauyinsa ya kai giram 250 zuwa 300, faɗin fukafukansa kimanin santimita 80. A gandun Kasanka na ƙasar Zambiya miliyoyinsu ke taruwa a wani ɗan kurmi daga Oktoba zuwa Disamba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka sa wa na'urar tauraron ɗan Adam a can ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,500 cikin kwana 149. A Afirka ta Yamma, tun 1983 masani Donald Thomas ya nuna cewa jemagun ƴaƴan itace suna barin kurmin kudu su biyo damina zuwa arewa. A Akara suna cika itatuwan da ke gaban asibitin soja a lokacin rani, a Wagadugu kuwa da damina suka fi yawa. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya dogara da ƙidayar wata-wata a mazauni 17 cikin nahiyar, ya nuna cewa isowarsu tana tafiya tare da lokacin da itatuwa ke yin kore.

Wannan baƙo ba ya zuwa hannu rabbana. Furen kuka da almuru yake buɗewa, fari, yana reto, kuma jemagu ne ke shan ruwansa suna ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Haka jan furen ɗorawa da furen rimi. Suna cin ƴaƴan kaɗanya da ɓaure su yar da iri a nesa da uwa, kuma a Gana an auna cewa suna iya kai ƙananan iri har kilomita 75 daga inda suka ci. Mai sayar da kalwa da daddawa a Gaya, da mai gonar kuka a Mirya, suna da ma'aikacin dare da ba su taɓa biya ba. Ƙananan jemagun kuwa, masu kwana a rufin makarantu da kogon itace, ƙwari suke ci. A Amurka an ƙiyasta a 2011 cewa aikinsu yana sauƙaƙe wa manoma aƙalla dalar Amurka biliyan 3.7 a shekara, kuma wani bincike na 2024 ya nuna cewa a gundumomin da wata cuta ta karkashe jemagu, amfani da maganin ƙwari ya ƙaru da kashi 31 cikin 100.

Mai lambun mangwaro zai ce shi dai ɓarna ya sani, kuma yana da gaskiyarsa. Likita zai ƙara da cewa jemagu na ɗauke da ƙwayoyin cuta, har ma wata mai dangantaka da ciwon haukan kare an fara gano ta ne a jikin wannan babban jemage a Legas a 1956. Wannan dalili ne na kada yara su yi wasa da jemage, kada kuma a taɓa gawarsa da hannu tsirara. Amma dalili ne kuma na sanin inda suke da lokacin zuwansu, domin likita da mai lambu da mai tashar iska duk ƙidaya ɗaya suke bukata.

A lura da wani abu mai muhimmanci. Babban jemagen nan da ido da hanci yake tafiya, ba ya fitar da siririyar ƙarar da na'urar saurare ke kamawa. Masanin da ya zo daga Turai da na'urarsa, ya ɗaura ta wata biyu cikin hunturu, zai koma ya rubuta cewa sama fayau take, alhali ayari na nan tafe da damina. A Afirka ta Kudu, inda aka fi ko'ina a kudu da Sahara yawan injunan iska, an tsinci gawarwakin jemagun ƴaƴan itace a gindin farfela, kuma ƙa'idar da masanan ƙasar suka shimfiɗa ita ce a yi wata 12 cur ana sa ido kafin a fara gini. Rigar da aka ɗinka wa ɗan jemagen Turai mai giram bakwai sai an sake auna ta kafin a sa wa namu.

Abin da ya rage wa magabata

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, kuma akwai ofishin ƙasa, wato BNEE, da ke duba irin waɗannan rahotanni. Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Bon ta 1979 a kan dabbobi masu ƙaura, wadda ta sa babban jemagen Afirka cikin jerin waɗanda ke bukatar haɗin kan ƙasashe. Saura ma'aikacin da takarda za ta biyo ta teburinsa ya san tambayoyin da zai yi.

Na farko, ƙidayar kafin gini ta cika shekara guda, ta haɗa damina da kaka, da na'urar saurare a tsayin da farfela za ta kai, da kuma mutane masu ƙidaya da ido a lokacin almuru. Na biyu, a nisanta injuna daga inda ruwa da itatuwa suke. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta ce aƙalla mita 200 daga bakin kurmi, kuma kwarin Tarka, da fadamunsa da lambunan albasa, irin wurin da ke tara ƙwari ne da masu cin ƙwari. Na uku, sharaɗin tsayar da farfela a daren haɗari ya shiga cikin kwangila tun ranar farko, a lissafa ƴar asarar cikin farashin wuta, domin kada gobe a ce gwamnati ta sake magana. Na huɗu, neman gawa bayan gini ya kasance a hannun waɗanda ba kamfani ke riƙe da albashinsu kai tsaye ba, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram suna da ɗaliban ilmin halittu da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai. Manyan bankunan duniya da ke ba da bashin irin waɗannan ayyuka su ma suna neman wannan shaida, saboda haka wanda ya tanade ta tun da wuri ya sauƙaƙe wa kansa neman kuɗi.

Akwai kuma aikin da bai jira kowane kamfani ba. Ƙidayar da ta ba da sakamakon 2022 da muka ambata, mutanen gari ne suka yi yawancinta: sau ɗaya a wata su je gindin itatuwan da jemagu ke kwana, su ƙiyasta na reshe, su ninka da rassa, su ninka da itatuwa, su rubuta. Kayan aikin littafi ne da alƙalami. Ma'aikacin gandun daji ko malamin makaranta a Konni ko Madawa ko Magarya zai iya yin haka, kuma bayan shekara uku za mu mallaki abin da Amurka ba ta da shi a 2003, wato sanin watan da baƙi ke isowa da watan da suke tashi. Idan ƙidaya ta nuna cewa jemagu sun fi yawa da damina, alhali babbar iskar Adar ta hunturu ce, to kwanakin da za a tsayar da farfela ba za su taɓa ribar kowa ba.

Zuwa daga baya yana da nasa amfani: an riga an yi mana gwaji, an biya kuɗinsa da jemagu miliyoyi a wasu ƙasashe. Muna son wuta, muna kuma son kuka ta ci gaba da yin ƴaƴa, kuma abin da zai ba mu duka biyun shekara ɗaya ce ta ƙidaya da layi biyu a cikin kwangila. Duk wanda ke da jemagu a itatuwan unguwarsa, muna roƙonsa ya rubuto mana sunan garin da watan da suke zuwa da watan da suke tafiya, za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa.